Kwamin Ninkaya a Bayan Gida: Wa Za Ka Ba Aikin, Nawa Za Ka Tanada?

A sababbin unguwannin Abuja irin su Guzape da Jahi da Katampe, da gidajen Nassarawa a Kano da Unguwar Rimi a Kaduna, kwamin ninkaya ya daina zama abin otal kaɗai. Mutum ya kammala gini, ga sauran fili a baya, yara suna ta magiya, zafin Afrilu kuma yana taya su. Sai ya kira mutum uku su yi masa farashi, ya tarar na farko ya ninka na uku, alhali tsawo da faɗi ɗaya suka auna. Da yawa sukan ɗauka mai tsadar ne ya so cuta. Wani lokacin haka ne. Amma galibi mai arahar ne ya tsallake abubuwan da ido ba ya gani: rodi layi na biyu, robar da ake sakawa a mahaɗar daɓe da bango, bututu mai jure ƙarfin ruwa, gwajin yoyo.

Abin da kake saye a kwami shi ne riƙe ruwa na shekaru. Tayil mai ruwan bula da fitilu masu canza launi duk a bayan wannan suke. Saboda haka kowane zaɓi a nan, na irin ginin ko na maginin, da tambaya ɗaya zan auna shi: idan ruwa ya fara raguwa bayan wata takwas, wuyan wa za a kama?

Don lissafi ya zauna, mu ɗauki kwami mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, zurfinsa a tsakaice mita 1.4. Wannan ya ishi iyali. Zai ci ruwa kusan lita 45,000, wato nauyin tan 45 zaune a bayan ɗakin kwananka dare da rana.

Ƙasar tukuna

Kafin maganar magini, a san abin da ke ƙarƙashin filin. A Kano fulotai da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ɓaraguzai, wasu kuma akwai tsohuwar rijiya ko masai da aka binne aka manta. Irin wannan ƙasa tana nitsewa sannu a hankali, kuma ba daidai take nitsewa ba, gefe ɗaya ya riga ɗaya, kankare ya tsage. A tsaunukan Abuja matsalar dutse ce: a fara haƙa, a mita guda a ci karo da fa, sai an kawo injin fasa dutse, kuɗin haƙa ya ninka. A wasu sassan Gombe da Adamawa da Borno akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana matsa bango tana sakinsa kowace shekara. Fili mai kusa da fadama kuwa ruwan ƙasa ne yake tasowa, har yana iya ɗaga kwamin da aka kwashe wa ruwa.

Ramin gwaji guda biyu, mai zurfin mita biyu zuwa biyu da rabi, injiniya ya leƙa ya taɓa ƙasar da hannunsa, shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a aikin gaba ɗaya. Tambayi maƙwabcin da yake da rijiya inda ruwa yake kaiwa a watan Agusta. A nisanta ramin da harsashin gida da katanga da aƙalla gwargwadon zurfinsa, a nisanta shi da sokawe, da darbejiya da mangwaro saboda saiwa da ganye. Sannan a je hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine a Abuja, a ji ko sai an sabunta izinin zanen gidan. Mazauna rukunin gidaje su fara jin ta bakin masu kula da rukunin.

Kankare, bulo, faiba ko leda

Kankare mai rodi shi ne abin da aka fi sani a nan, kuma akwai dalili. Siminti namu ne, daga Obajana ko Sakkwato ko Ashaka. Rodi da katako suna Ƙofar Ruwa a Kano da Dei-Dei a Abuja. Kafintoci da masu ɗaurin rodi da suka saba da dakin suna ko'ina. Za ka iya yin kowane fasali, da matakala mai faɗi da wurin zama a cikin ruwa. In an yi shi daidai zai kai jikoki. Aibinsa shi ne jinkiri da rashin yafiya: wata biyu zuwa uku ne aikin, kankare sai ya kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuskuren da aka yi ranar zubi kuma ya shiga ke nan, tayil ba zai rufe shi ba. Akwai masu fesa kankaren da inji maimakon zuba shi cikin katako. Wannan ya fi dacewa da kwami mai lanƙwashe-lanƙwashe, amma ingancinsa yana hannun mai riƙe da bakin tiyo, don haka sai ka ga aikinsa na baya.

Bulo shi ne tarkon. Birkila zai ce maka ya gina tankunan ƙasa ba adadi da bulo mai inci tara, ya shafe ciki da siminti mai ƙarfi, ba su taɓa yoyo ba. Ƙila gaskiya ne. Sai dai tankin ƙasa ɗan ƙarami ne, rufaffe, rana ba ta dukansa. Bango mai tsawon mita 8 a buɗe, ruwa na tura shi daga ciki, jiƙaƙƙiyar ƙasa na tura shi daga waje, wani abu ne daban. A zurfin mita ɗaya da rabi, kowace murabba'in mita tana ɗauke da matsin da ya kai tan ɗaya da rabi. Bulo zai iya aiki in kwamin ƙarami ne marar zurfi, an zura rodi a ramukan bulon an cika su da kankare, an ɗaure sama da bim, bisa zanen injiniya. To idan ka lissafa rodin da kankaren da suka shiga ramukan, sauƙin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Bulo zalla da filasta kuwa, a bar shi.

Faiba kwano ne guda da aka ƙera a masana'anta, a haƙa rami a dasa shi. Mako ɗaya zuwa biyu an gama. Jikinsa sumul ne, gansakuka ba ta samun wurin kamawa, don haka ya fi sauƙin wanki, ya fi cin magani kaɗan. Matsalarsa a Arewa hanya ce. Yawanci daga nesa ake ɗauko shi, tafiyar Legas zuwa Kano kuma ta doshi kilomita 1,000 a kan titin da kowa ya sani, kwanon yana girgiza a bayan tirela. In ya iso lafiya, sai an sami ƙugiyar da za ta tsallaka da shi katanga, ba tare da wayar lantarki ta tare ba. Girma da fasali wanda masana'anta ta yi ne, ba naka ba. Zafin rana da yawan kulorin sukan koɗar da fentin jikinsa, gyaran tsaga kuma sai wanda ya iya aikin faiba, ba kowane gari yake da shi ba. Sannan ba shi da nauyi: a kwashe ruwansa da damina a wuri mai ruwan ƙasa, sai ya taso ya karya bututu. Na yarda da shi ga wanda gidansa yake kan faffaɗan titi, ƙasarsa busasshiya, mai sayarwar kuma yana da ma'aikata a garin.

Na leda, wato bango da aka shimfiɗa wa roba mai kauri, ya fi sauƙin kuɗi da farko, amma robar takan buƙaci sauyi bayan shekara bakwai zuwa goma, daga waje ake kawo ta, ƙarfe ko kwalba kuma suna huda ta. Ba zan tsaya a kansa ba. Ɗan'uwansa da ya cancanci a ambata shi ne wanda ake kafawa a bisa ƙasa, irin na Intex ko Bestway. Kada a raina shi. Wanda bai tabbata iyalinsa za su riƙa shiga ruwa ba, ya sayi wannan ya gwada bazara guda. Zai koyi auna kulorin, zai ga yadda ƙura take yi, zai gane ko ɗokin na sati uku ne.

Ga mafi yawan gidaje a Arewa, kankare mai rodi nake zaɓa, ƙarami, marar zurfi, mai kusurwa huɗu. Zurfin mita 1.1 zuwa 1.5 ya isa ninkaya. Kowane ƙarin zurfi ƙarin haƙa ne da rodi da ruwa da magani da haɗari, kuma kwamin gida ba wurin alkafura ba ne.

Akwai zaɓi guda da masu kwangila suke son tallatawa, wanda ruwa yake cika taf yana malala ta baki zuwa magudana. Yana da kyau a ido, yana kuma kwashe ƙurar saman ruwa sosai. Amma sai an gina masa wani tanki na dabam a ƙasa, da ƙarin bututu, bakin kuma dole ya daidaita ba ko ɗan karkata. Inda wuta take ɗaukewa ba sallama, mai akwatin zuƙa a jikin bango, wanda yake jan ruwan sama zuwa inji, ya fi kwanciyar hankali da araha.

Hanyoyi uku na ba da aikin

Ta farko, ka ba birkilan da ya gina maka gida jinga. Ka san shi, ka yarda da shi, farashinsa ya fi na kowa sauƙi. Ba amanarsa ake tuhuma ba, sanin aikin ne. Gida yana iya rayuwa da ƴar tsaga a bango shekara talatin, kwami kuwa tsaga mai kaurin gashi ta isa ta zubar da tanka guda a wata. Birkilan gida ya saba da kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya yi saurin shiga katako, ya saba a tashi aiki in magariba ta yi a ƙarasa gobe, ya saba a huda bango daga baya a zura bututu. Ukun nan kowannensu hanyar yoyo ce. In ya yi kuskure kuma ba shi da jarin gyarawa, sai dai ya ce ƙaddara ce, zumunci ya hana ka magana.

Ta biyu, kamfanin da sana'arsa ke nan, ya karɓi komai daga haƙa har ranar da za a miƙa maka makullin ɗakin inji. Ya fi tsada, domin akwai riba da albashi da abin da ya ware saboda gyara. Abin da kake samu a madadin shi ne wuya guda da za ka kama. Sai dai kalmar kamfani ta yi araha. Wasu shago ne na sayar da kulorin da injina, in sun sami kwangila su ɗebo leburori a bakin titi. Wasu shafin Instagram ne kawai cike da hotunan Dubai. Duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, minti biyar ne. Tambayi sunan injiniyan da zai sa hannu a zanen rodi da lambarsa ta COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, in magini ne mai rajista kuma ta CORBON, hukumar rajistar magina. Wanda ya fara kame-kame a nan ya ba ka amsa.

Ta uku, ka raba aikin. Ka ɗauki injiniyanka na kanka ya zana kuma ya sa ido, ka sayi siminti da rodi da tsakuwa da hannunka, kafinta da mai ɗaurin rodi da masu zubi su yi jinga, ƙwararren mai aikin kwami ya yi bututu da injina da tayil. Nan ne ake samun sauƙi na gaske ba tare da an taɓa inganci ba, domin ba wanda zai ci riba da rage buhu. Amma tana cin lokaci, kuma tana da nata ramin: ranar da yoyo ya bayyana, mai kankare zai ce bututu ne, mai bututu zai ce kankare ne, mai tayil ya ce shi a kan abin da ya tarar ya ɗora. Maganin wannan shi ne gwaji a ƙarshen aikin kowa, kafin na gaba ya ɗora hannu, injiniya ya rubuta ya sa hannu.

Wanda yake zaune a garin, yana iya zuwa wurin safe da yamma, ya bi ta uku. Wanda yake Kaduna aikin yana Abuja, ko yana ƙasar waje yana turo kuɗi ta hannun ƙani, ya bi ta biyu, amma duk da haka ya biya wani injiniya daban da ba ya cin albashin kamfanin, ya zo sau huɗu ko biyar a muhimman ranaku. Ta farko ita kaɗai ban ba kowa shawararta ba. Birkilanka yana da wuri a aikin: ɗakin inji, daɓen kewaye, katanga.

Yadda ake gane gwani

Hoton waya ba shaida ba ne, kowane kwami kyakkyawa ne ranar da aka cika shi. Ka ce ya kai ka wanda ya gina shekara uku ko huɗu da suka wuce, wanda ya ga damina da hunturu. In kun je, bar shi da maigidan suna gaisawa, kai ka nemi mai gadi ko yaron da yake share ruwan. "Baba, sannu da aiki. Sau nawa kuke ƙara ruwa a mako?" In ya ce kullum sai an saki bohol awa biyu, ka ji abin da ka zo ji.

Daga nan ka shiga ɗakin inji, don can ne halin magini yake fitowa. Dubi ƙasa, a bushe take ko akwai danshi? Dubi mahaɗar bututu, akwai farin gishiri-gishiri da ya daskare inda ruwa yake tsattsafowa? Mutum zai iya tsugunawa ya buɗe murfin inji ya cire kwandon shara, ko an cusa komai a wani akurki ba iska? Wayoyin suna cikin akwati da makunni, ko an naɗe su da baƙin salatif suna lilo a kan ruwa? In ka fito, ciro makullin mota ka ƙwanƙwasa tayil ɗin bakin kwamin nan da can. Wanda ya kama da kyau ƙararsa a toshe take, wanda ya saki kuwa za ka ji shi fayau kamar ƙwarya.

Sai tambayoyin baki. Yaya zai haɗa daɓe da bango? Amsar da ake so ita ce ko dai a zuba su rana guda, ko a dasa robar tare ruwa a mahaɗar. Wane kwaɓi? Kada ya gaza siminti ɗaya, yashi ɗaya da rabi, tsakuwa uku, da sinadarin hana ruwa wucewa, a kwaɓa da inji, a girgiza da inji don kada a bar kogo. Tazarar rodi da fuskar kankare fa? Santimita huɗu zuwa biyar, in ba haka ba tsatsa ta kama rodin ta fasa kankaren daga ciki. Bututu fa? Mai kauri na jure matsi, ba na zubar da ruwan wanka ba, kuma a dasa shi kafin zubi. Gwani yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba. Wanda ya ce "Alhaji ka bar mana komai kawai," a yi hattara.

Gwaji biyu ne ba a sasantawa a kansu. Na farko, a toshe bututu a hura musu matsi, a ga allurar awon matsi ta tsaya cak kafin a mayar da ƙasa a rufe su. Na biyu, a cika kwamin da ruwa tun yana kankare tsirara, kafin tayil, a bar shi mako guda. Don kada a yi gardamar ko rana ce ta shanye, a cika bokiti a ajiye a kan matakala, a yi alama a jikin bokitin da jikin bango. In ruwan kwami ya fi na bokiti sauka, yoyo ne. Masu kwangila ba sa son wannan mako, domin yana jinkirta biyansu, yana kuma cin ruwa tanka biyar. A rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko.

Lissafi da kaya, ba da naira ba

Duk wanda ya yi gini tsakanin 2023 da 2024 ya san dalilin wannan. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A wannan watan buhun siminti da ake saye dubu biyar da ɗoriya ya wuce dubu goma a wurare da dama. Farashin da aka ba ka a dunƙule yau, bayan wata biyu labari ne. Adadin kaya kuwa ba ya canzawa. Don haka ka nemi kowane mai neman aikin ya kawo takarda mai layi-layi: kaya kaza, adadi kaza, farashin ɗaya kaza. Wanda ya rubuto jimla guda a saƙon waya, babu abin da za ka kwatanta.

Ga ma'aunin da za ka riƙe na kwaminmu mai mita 8 da 4, da sharaɗin zanen injiniya ne mai magana ta ƙarshe. Ramin zai fi kwamin girma don a sami wurin aiki, ƙasar da za ta fito ta haura kubik mita 100, wato sama da tifa goma, kuma sai an biya kuɗin kwashe ta. In katafila ba za ta iya shiga bayan gidan ba, haƙar hannu ce da baro, ƙarin kwanaki. Daɓe da bango masu kaurin santimita 20 za su ci kankare kusan kubik mita 15, a buhu takwas kowane kubik, buhu 120 ke nan. Haɗa da shimfiɗar ƙasa da filasta da daɓen kewaye da ɗakin inji, ka doshi buhu 200. Rodi mai milimita 12, layi biyu, tazarar santimita 20, zai kai sanda 140, kusan tan ɗaya da rabi. A je da ma'auni kasuwa, domin ba kowane rodin da aka kira 12 ne ya cika 12 ba. Tayil na ciki murabba'in mita 68 ne, a sayi 75 saboda yanka da ajiyar gyara, tunda launin da ka saya bana da wuya ka same shi baɗi.

In takardar wani ta nuna buhu 70 da sanda 60, ka gano inda arahar ta fito.

Kaso na biyu dala ce take juya shi: injin jan ruwa, tukunyar tacewa mai yashi, akwatin zuƙa, fitilu, tsani, kayan shara. Ƙa'idar ita ce ruwan duka ya ratsa matata cikin awa shida zuwa takwas, wato wajen lita 5,600 zuwa 7,500 a awa, inji mai ƙarfin doki ɗaya ya wadatar. Babban inji a kan ƙaramar matata ɓarnar wuta ce kawai. Za ka ji sunaye irin su Hayward da Pentair na Amurka, AstralPool na Sifaniya, da Emaux mai sauƙin kuɗi. Ni abin da nake tambaya shi ne wanne ake samun kayan gyaransa a garin, domin injin da ya tsaya sati biyu ana jiran roba daga Legas ya bar maka koren ruwa da sauro. A rubuta suna da lambar kowane inji a takarda, kuma a saye su da wuri in kuɗi ya samu. Ɓangaren wuta ba wurin tsimi ba ne: fitilun cikin ruwa masu bolt 12, makunni mai katse wuta da kansa in ta zurara, mai miliamf 30, da wayar ƙasa ta gaske.

A kan jimlar duka, ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba. A Abuja kuma a amince tun farko kan kuɗin fasa kowane kubik na dutse, kada sai an tarar da shi a fara ciniki rami a buɗe.

Abin da zai riƙa ci kowane wata

Nan ne kwamaye da yawa suke mutuwa. Ka zaga manyan gidaje za ka ga ramuka masu tayil a bushe, ko an mai da su wurin kiwon tarwaɗa. Ba ginin ne ya gagara ba, riƙon ne.

Cikawar farko lita 45,000 ce, tanka biyar mai lita 10,000, ko jarka 1,800 ta ƴan garuwa. Daga nan sai ƙari. Daga hunturu zuwa bazara, iska a bushe, rana a tsaye, ruwa yana iya sauka rabin santimita zuwa santimita guda a yini. A fuskar murabba'in mita 32, santimita guda lita 320 ce. Ƙara da wanda ake zubarwa wajen wanke matata, wanda lokacin ƙura sai an yawaita. In bohol ɗinka yakan ja baya a Afrilu, ka san da wannan tun yanzu. A kuma kai ruwan bohol ɗin gwaji, domin mai sinadarin ƙarfe da yawa yakan koma ja da zarar kulorin ya taɓa shi, ya ɓata tayil.

Inji mai ƙarfin doki ɗaya, awa takwas a rana, yana cin aƙalla yunit shida, 180 a wata. Lokacin da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024 zuwa sama da naira 200 kowane yunit, wannan kaɗai a farashin lokacin ya kai wajen naira dubu arba'in a wata, da janareta kuma ya fi haka nesa. Sola ta dace da wannan aiki, tunda da rana ake son injin ya yi gudu, ba sai an tara batura ba. In za a yi, a sa ta cikin lissafin farko.

Sai magani. Kulorin ya zauna tsakanin 1 da 3 a ma'aunin gwaji, tsamin ruwa tsakanin 7.2 da 7.8. Ranarmu tana cinye kulorin da sauri, shi ya sa ake amfani da mai ɗauke da sinadarin da yake kare shi daga rana, da alif in ruwa ya yi duhu. Yashin matata ana sauya shi bayan shekara uku zuwa biyar. Ga albashin mai kula, sau biyu ko uku a mako. Ka tuna kuma Disamba da Janairu ruwan ƙanƙara ne, ba mai shiga, amma injin da maganin ba sa hutu. Murfi ko rumfar raga tana rage ƙura da tsotsewar ruwa, tana kuma ba da sutura in akwai benen maƙwabci yana kallon bayan gidan. Gidan da mata ba za su sake su shiga ba, rabin amfanin kwamin ya tafi, don haka a tsaya a filin a ɗaga kai a duba tagogin maƙwabta kafin a ja layin haƙa.

Shinge ba ado ba ne da za a bari sai kuɗi ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Gidajenmu kuma ba sa rabuwa da yara, na gida da na baƙi da na maƙwabta, ranar suna ko biki ba wanda ya san ɗan wa yake ina. Ƙaramin yaro ba ya ihu in ya faɗa ruwa. Shinge mai tsayin mita 1.2 ta kowane gefe, har ta ɓangaren gidan, da ƙofa mai rufe kanta da sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, ya shiga takardar farashi tare da siminti. Haka daɓen kewaye marar santsi, da magudanar ƙasa guda biyu masu murfi maimakon ɗaya, don kada ƙarfin zuƙa ya riƙe mutum.

Biya da lokaci

Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai kawo ma'aikata da kayan farko. Ko gwamnati, a dokar ba da kwangila ta 2007 kamar yadda aka fara kafa ta, kashi 15 ta ƙayyade. Wanda ya nemi kashi 70 kafin ya sa diga, da kuɗinka zai ƙarasa aikin wani. Sauran a biya mataki-mataki: bayan haƙa, bayan injiniya ya duba rodi kafin zubi, bayan gwajin bututu, bayan makon gwajin ruwa, bayan tayil da injina. A riƙe kashi biyar na wata shida, a rubuta ƙarara cewa yoyo da sakin tayil a cikin wannan lokaci gyaransu a kan mai aikin yake, da shaidu biyu.

A fara haƙa a Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke ƙasa ta tsane, don rami ba zai rufta ba. A yi zubi da sassafe, a rufe kankaren da buhunan algarara ana jiƙa shi aƙalla mako guda, domin iskar hunturu tana busar da shi kafin ya nuna. In komai ya tafi daidai, a cika ruwa a ƙarshen Fabrairu, daidai shigowar zafi. Wata shidan riƙon kuɗin kuma zai ƙare a ƙarshen Agusta, bayan ruwan ƙasa ya taso ya gwada bangon ta waje, kuɗin mai aikin yana hannunka.